Lamba ɗaya sau huɗu a rasit ɗin asibiti

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Guangzhou ina saro wa 'yan kasuwarmu na Kano tufafi ina loda musu, na kawo mahaifiyata asibiti. Wani ƙulli ne ya fito mata a nono. Ta daɗe tana ɓoye shi, sai da ƙanwata ta gani ta tayar da hankalin gida. Yayana, wanda shi ne babba tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce tunda ina can a kai ta can, shi zai ɗauki nauyin komai. Nawa aikin shi ne in tarbe ta, in kai ta, in kula da ita, duk abin da aka biya kuma in tura masa hoton rasit. Ɗan kasuwa ne, ko allura ya saya sai ya ga takarda, kuma ban ga laifin hakan ba.

Na amsa da ƙarfin gwiwa, don a lokacin ina ɗaukar kaina wanda ya iya Sinanci. Gaskiyar magana kuwa Sinancina na kasuwa ne. Na iya gaisuwa, na iya godiya, na iya kiran mai shago lawban, idan ya ce min meyo na san babu ke nan. Sauran aikin kalkuleta ce take yi mana. Ranar farko da muka shiga asibiti, ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta yi min wata doguwar tambaya, na yi murmushi na ce mata shiyeshiye, wato na gode. Ta maimaita, na sake gode mata. Hajiya, mahaifiyar tawa, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wai dama wannan ne yaren da ake ta cewa ka iya?"

A nan na kira abokina. Mutumin Maradi ne, ya zo China karatu, da ya gama bai koma ba. Mun haɗu ne a wani gidan abinci da ke kusa da Guangyuan, inda 'yan Kano da 'yan Nijar suke taruwa bayan an tashi kasuwa. Sana'arsa ita ce raka marasa lafiya asibiti yana yi musu tafinta. Mutane suna zuwa daga Kano, Zinder, Yamai, har Kumasi, kuma kusan duk wanda ya sauka da rashin lafiya lambarsa ake ba shi. Sana'a ce da jarinta kawai yarda ce, domin mutum zai miƙa maka jikinsa da aljihunsa a ƙasar da ko allon ƙofar banɗaki ba ya iya karantawa.

Ya iso kafin azahar. Ya durƙusa ya gaida Hajiya a nan tsakiyar jama'a, ya karɓi fasfo ɗinta, cikin ɗan lokaci sai ga mu a gaban likita. Da na yi masa maganar sallama sai ya ɓata fuska ya ce, "Haba mutumina, uwata ce fa. Kar ka sake."

Jininsu ya haɗu da Hajiya tun a ranar. Idan ya zo da safe sai ya ce, "Inna, tashi mu tafi likita, lokotoro yana jiranmu." Su a Nijar asibiti ne likita, likita kuma lokotoro. Ita kuma ta yi ta dariya tana cewa ta ga ƙasar da ake shiga cikin likita a zauna. Shi ya gano mata inda ake sayar da kuɓewa da naman halal a unguwarmu, shi ya koya mata yadda ake riƙe ƙarfe a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni ina da kwantenar mutane da ake jira, rabin yinina a kasuwar Shahe yake ƙarewa, saboda haka ranaku da dama shi kaɗai yake kai ta.

Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama daga ƙullin an duba. Aka sa allura aka ɗiba. A asibitocin can ba a yi maka komai sai ka biya tukuna: likita ya rubuta a kwamfuta, ka je taga ko ka biya ta waya, sannan a yi aikin. Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito, ciwon daji ne. Abokina ne ya faɗa min a baranda, kafin mu shiga wurinta tare. Da muka faɗa mata, Hajiya ta ce, "To, Allah ne ya kawo. Me za a yi yanzu?"

Abin da za a yi shi ne ƙarin gwaji a kan naman da aka riga aka ɗiba, don a san irin ciwon da maganin da zai ji. Ranar da aka rubuta wannan gwajin ina can ina faɗa da wani lawban da ya canza min launin riguna. Abokina ya kira ni ya ce idan ba a biya yau ba sai wani makon. Na ce ya biya ta wayarsa, da yamma na mayar masa. Ya kawo min takardar, doguwa, kowane layi da rubutun Sinanci da wata lamba mai tsawo a gefensa. Na ɗauki hoto na tura wa yayana kamar kullum, na ci gaba da harkokina.

Washegari yayana ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, ka karanta takardar nan kuwa?"

Na ce, "Yaya, da wane idon?"

Ya ce shi ya karanta. Ya sa wayarsa ta fassara masa. Akwai lamba ɗaya da aka rubuta sau huɗu a jere, rubutu iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Ƙarƙashinta kuma ga wata lambar, ita ma an maimaita ta, wayar ta ce masa wai hoton kwamfuta ne. "Nama ɗaya aka ɗiba ko huɗu? Kuma hoton me za a yi wa naman da bai kai ƙwayar shinkafa ba? An riga an biya kuɗin dubawa a makon jiya, ga rasit ɗin nan a hannuna. Wa ya biya wannan?"

Na faɗa masa. Sai ya yi wata dariya da ban so ba. Ya ce ya sha jin labarin masu tafinta da ke haɗa baki da asibiti, a ƙara gwaje-gwajen da ba a buƙata su karɓi kamasho. Ya nuna wa wani mai ɗakin gwaji a unguwarsu, shi ma ya ce bai san wani gwajin nama da ake biya sau huɗu ba.

Na ce masa mutumin nan ko kuɗin mota ya ƙi karɓa. Ya ce, "To ai shi ya sa. Wanda yake ci ta bayan gida me zai yi da kuɗin motarka?" Na rantse masa na san halin abokina, na ce ya ba ni lokaci in je asibitin in tambaya. Amma da ya ce in bayyana masa layukan, sai na sake rantsewa. Rantsuwa kawai nake da ita, shi kuma yana riƙe da takarda.

Ba na so a ɗauka yayana mugu ne. Uwarsa tana wata duniya da ciwon da sunansa kaɗai yake firgita mutum, ba ya iya ganinta, ba ya iya tambayar likita. Abu ɗaya da ke isa hannunsa daga duk wannan lamari shi ne hoton rasit, sai ya zuba duk tsoronsa a kai. A ranar ya yi saƙon murya ya tura wa wani abokinsa da ke yawan zuwa Guangzhou, yana tambayarsa ko ya san wannan tafinta, yana ba shi labarin yadda ya fahimce shi, har da suna da garin da ya fito. Shi kuma wancan, wai don ya taimaki jama'a, ya jefa saƙon da hoton takardar cikin guruf ɗin 'yan kasuwa.

Ina cikin wani shago a Guangyuan ana ƙirga min dozin na ji muryar yayana tana fitowa daga wayar wani Bakano da ke gefena. Na bar kayan a nan na fito titi. Na kira abokina bai ɗauka ba. Na rubuta a guruf ɗin cewa ni ne ɗan matar, maganar ba haka take ba, a dakata. Kafin in gama rubutawa har wasu sun fara kawo nasu labaran. Wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Wani ya ce shekarar da ya kawo mahaifinsa kuɗin ya yi yawa, yanzu ya gane.

Da safe, lokacin da ya saba zuwa, sai ga shi. Ya gaida Hajiya kamar kullum, ya tambaye ta barci, ya yi mata wasan da ya saba. Da muka fito ƙofa na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari. Mu tafi."

Ya kai ni ofishin da ake lissafin kuɗin marasa lafiya, ya yi magana da wata mata, ta buga waya, aka tura mu sama inda ake duba nama. Can aka samo wata likita da ke jin Turanci. Da ta fito, abokina ya miƙa min takardar ya ce, "Shiga kai kaɗai. Ni ba zan fassara ko kalma ɗaya ba, kar gobe a ce ni na gyara maganar. Abin da ta faɗa maka da kunnenka shi za ka kai."

Na shiga, shi ya tsaya a baranda.

Likitar ta zaunar da ni gaban wata babbar kwamfuta ta yi min bayani a hankali, da Turancinta da nawa, kowanne yana ɗingishi. Ta ce naman da aka ɗiba ana daskarar da shi cikin kakin zuma, sai a riƙa yanko shi siriri a ɗora kan gilashi. Dubawar farko, wadda aka biya a makon jiya, ita ce ta nuna ciwon daji ne. Amma ciwon nono iri-iri ne, kuma kowanne da maganinsa. Don a gane na Hajiya, sai aka sake yanko yanka huɗu, kowanne aka zuba masa rini dabam, kowane rini yana neman wata alama dabam a jikin ƙwayoyin ciwon. A tsarin lissafinsu kuwa aikin rinin lamba ɗaya gare shi, ko wane iri ne, sai dai a rubuta ta sau adadin rinin da aka yi. Shi ya sa ta fito sau huɗu.

Na ce, to hoton kwamfuta fa?

Ta buɗe min. Sai ga naman mahaifiyata ya cika allon, shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, ba iyaka. Ta ce na'ura ce take ɗaukar hoton gilashin gaba ɗaya, kwamfuta ta ƙirga ƙwayoyin da suka kama rinin da waɗanda ba su kama ba, da ƙarfin kamun, sannan ita ta zauna ta duba ta tabbatar kafin ta sa hannu. Wannan aiki ne dabam da rini, shi ya sa yake da tasa lambar, kuma shi ma kowane gilashi da nasa. Ta nuna min ɗaya ta ce, "Ka ga yadda wannan ya kama sosai? Labari ne mai daɗi. Yana nufin bayan tiyata akwai ƙwayar da za ta riƙa sha, ciwon yana jin ta."

Na zauna ina kallon ɗigon nan. Layin da yayana ya kira sata, shi ne ya kawo mana albishir na farko tun da aka fara wannan tafiya.

Na roƙe ta ta rubuta min bayanin da Turanci. Ta rubuta, ofishin lissafi suka buga hatimi, suka ƙara da cewa likitan da ke duba Hajiya ne ya nemi gwajin, ba wani ba. Da na fito na tarar da abokina zaune a benci yana kallon ƙasa. Na fara karanta masa, ya ce, "Na sani, mutumina. Ai ba ni ne ban sani ba."

A ranar na tura wa yayana, na kuma sa a guruf ɗin, da takardar da muryata ina bayani dalla-dalla. Sai dai bayanin rini da gilashi da lambobi dogo ne, ba shi da daɗin ji. Mutum biyu ko uku suka ce Allah ya kyauta. Wani ya tambayi farashin kwantena a wannan makon, hira ta koma can. Saƙon farko kuwa ya riga ya bar guruf ɗin, ya je Kano, ya je Maradi, ya shiga wayoyin mutanen da ban san su ba kuma ba zan taɓa saninsu ba.

Abokina bai fasa zuwa ba. Shi ya tsaya har aka yi tiyata, shi ya fassara mana duk abin da likitoci suka ce, shi ya rubuta wa Hajiya yadda za ta sha magani da Hausa da manyan baƙaƙe. Abu ɗaya ya canza: bai ƙara taɓa kuɗinmu ba. Ko ina ƙarshen gari sai ya jira na zo na biya da hannuna. Kuma na lura wayarsa, wadda da ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, ta koma shiru.

Mun ɓoye wa Hajiya har ta fara warwarewa. Wata 'yar Kano da ta zo duba ta ce ta saki maganar, tana zaton ta sani. Hajiya ta sa na kira yayana na sa a lasifika, abokina yana zaune. Ban taɓa jin ta yi masa irin wannan faɗan ba tun muna yara. Ta ce, "Yaron da ya riƙe min ledar fitsari ranar da aka fito da ni daga tiyata, kai kana ina? Shi za ka kira ɓarawo? Ka ba shi haƙuri yanzu ina ji."

Yayana ya ba da haƙuri, kuma na san muryarsa, da gaske yake. Ya ce tsoro ne da rashin sani. Daga baya ma ya yi wani saƙon ya tura wa abokin nasa ya ce a sa a guruf. Abokina ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ya wuce. Allah ya ba Inna lafiya."

Hajiya ta ce masa, "Ɗana, ka yafe har zuciya?"

Ya ce, "Inna, ni na yafe. Mutane ne ba su ji ba."

Ta koma gida da magungunanta, kuma alhamdu lillahi tana nan da ranta har yau, tana shan ƙwayarta tana yi wa jikoki faɗa. Shi kuwa aiki ya riƙa raguwa. Waɗanda suka san shi sosai ba su bar shi ba, amma sana'ar ta baƙi ce, kuma baƙo idan an ba shi sunaye biyu, ɗaya an taɓa faɗin wani abu a kansa, ɗayan zai ɗauka. Wanda ya yarda ya bi shi ma sai ya riƙa ɗaukar hoton kowace takarda a gabansa yana turawa gida a duba. Ya ce min wannan ya fi rashin aikin ciwo. Na yi ƙoƙarin jawo shi harkar kaya, ya yi 'yan watanni a wani sito a Liwan yana lissafin kwalaye, mutumin da ke iya zama da likitan tiyata su yi magana kamar abokan aiki. Wata rana muna cin abinci ya ce ya sayi tikitin komawa gida.

Na raka shi filin jirgi. Na ce masa da na san haka za ta kasance da ban kira shi ba ranar farko a asibiti. Ya yi dariya ya ce, "Da yanzu kana can kana gode wa matar nan mai karɓar baƙi." Muka rungumi juna, ya shiga.

Yanzu yana Maradi yana sayar da kayan waya. Muna gaisawa da Sallah, kuma kullum tambayarsa ta farko jikin Inna. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma na daina, don na ga duk lokacin da na tayar sai ya koma shi yake lallashina.

Na daɗe ina juya abin a raina ina neman inda za a ce ga mugun. Asibiti sun rubuta lissafinsu daidai da ƙa'idarsu. Wayar yayana ta fassara kalmomin daidai, abin da ke bayansu ne ba ta sani ba. Yayana yana kare uwarsa, abokinsa yana ganin gargaɗi yake yi wa jama'a. Kowa da hujjarsa, amma mutum ɗaya ne ya biya, kuma shi ne wanda bai karɓi komai ba. Tun daga lokacin, duk takardar da ban gane ba, wurin wanda ya rubuta ta nake fara zuwa kafin in nuna wa kowa. Kuma duk saƙon da ya zo min da sunan mutum a ciki, a wayata yake kwana.

Bara na koma Guangzhou sayayya. A gidan abincin nan na Guangyuan wani matashin ɗan kasuwa, wanda bai san ni ba, ya ce zai kawo matarsa asibiti, ko na san tafinta mai amana. Kafin in amsa ya ƙara da cewa, "Amma ban da irin wani ɗan Maradi da aka ce ya taɓa cajin wata tsohuwa gwaji ɗaya sau huɗu."

Na ajiye cokali na ce masa tsohuwar uwata ce. Na jawo kujerata kusa da tasa na yi masa bayanin komai, rinin, gilashin, kwamfutar, lambobin, har abincina ya huce. Ya saurara da ladabi yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Allah sarki. Ashe haka ne." Sannan ya ce, "Amma dai, Alhaji, ka san wani dabam?"